Jan Biron Malami

Duk wanda ya zauna a Tambuwal ya san Malami Mai-tafireta, in ma bai san fuskarsa ba to ya san jan bironsa. Shekara ashirin da takwas mutumin nan ya yi yana buga takardu a wani ofis, kuma a faɗarsa bai taɓa sakin takarda da kuskure ko ɗaya ba. Shi ya yi ritaya, biron bai yi ba. Katin ɗaurin aure in ya shiga hannunsa sai ya koma wa mai shi da jan zane uku. Allon mai shayin unguwarsu ya sha gyara sau biyu. Har takardar asibitin matarsa Hinde sai da ya gyara, mai ba da magani ya aiko a roƙe shi don Allah ya bari.

Abin da ba ya gaya wa kowa shi ne, tun da ya bar aiki, kullum da safe sai ya yi wanka, ya sa riga mai guga, ya soka biro a aljihu, ya fito ƙofar gida, sannan ya tuna ba shi da wurin zuwa. Sai ya zauna a benci ƙarƙashin dogonyaro har rana ta kore shi. Abin yana cin ransa ƙwarai.

Ana nan sai Ƙungiyar Nagge da Garma, wadda ta haɗa makiyaya da manoman Tambuwal da Kebbe, ta buɗe ɗan ofis: ɗaki ɗaya, tebur ɗaya, mabuɗi ɗaya. Ana neman sakataren da zai riƙe mabuɗin. Mutum biyu suka nuna sha'awa, Malami da wani tsohon malamin firamare mai sanyin magana, Malam Nu'umanu. Ciyaman ɗin ƙungiya, Alhaji Sambo mutumin Kebbe, ya ce shi ba ya son dogon zance. An samo allurar rigakafin shanu, za a yi ta Kebbe ranar Alhamis, ta Tambuwal mako mai zuwa. Wanda ya tara shanun Kebbe a mashaya ranar, shi ne sakatare.

Malam Nu'umanu ya ce, “To, ni dai yadda munka saba. In rubuta ma ardo-ardo takarda, in hau babur in kai musu.”

Malami ya yi dariya har da buga cinya. “Takarda, Malam Nu'umanu? A zamanin ga? Ranka shi daɗe, ni da yatsa guda zan tara maka shanun Kebbe dut, ko tashi daga zaune ban yi ba. Saƙo za shi shiga wayar kowa lokaci guda.”

“Kai da kanka?” in ji Alhaji Sambo.

“Wa za shi yi in ba ni ba? Kwamfuta ai tafireta ce anka sa ma gilashi.”

Aka bar masa fili. Malam Nu'umanu ya mayar da takardunsa cikin jaka.

Gaskiyar magana kuwa, Malami bai san ko ta ina ake kunna kwamfuta ba sai a makon nan. Mai aikin ita ce Ni'imatu, ɗiyar ƙanensa, wadda ta karanta harkar a Sakkwato. Ita ta tattara lambobin makiyaya jeri biyu, na Tambuwal da na Kebbe, ita ta haɗa shirin aika saƙon. Shi abin da ya sa a ciki bai wuce cewa tana 'yar shekara shida ya taɓa barin ta ta danna tafiretarsa ba, amma wannan ya ishe shi gaya wa majalisa cewa shi ya koya mata.

Ranar Litinin ta zo da laftof gidansa don gwaji. Ta zauna a tabarma, shi yana tsaye a kanta hannu a baya kamar mai duba jarrabawa.

“Baffa, shirin yana son a fara ba shi sunan wuri guda na gwaji. Wane zan sa?”

“Sa ƙofar gidan Malami Mai-tafireta, Tambuwal.”

“Gwaji ne fa kawai, wayata kaɗai za shi shiga.”

“Ko gwaji ne a yi shi da wuri mai suna. Wa bai san ƙofar gidana ba?”

Ta sa. Saƙo ya shiga wayarta tsaf. Daga nan ta buɗe wani fayil, ta rubuta dogon layi guda a ciki, ta duba shi sau uku, ta rufe.

“Baffa, wanga shi ne fayil ɗin saiti. Nan adireshin intanet ɗin da ka aika saƙo yake ajiye, da rana, da jeri, da wuri. Na gama shi. Gobe zan tafi Sakkwato jarrabawar neman aiki. Ran Laraba bayan la'asar ka danna koren madannin ga, shi ke nan. Don Allah kada ka taɓa fayil ɗin.”

“Ɗiyata, kina goye ni ka buga takardun manya.”

Daga madafa Hinde ta ɗaga murya. “Ni'ima, in kina son aikinki shi kai labari, tafi da biron shi.”

Ni'imatu ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Wannan dariyar ita ta ja abin da ya biyo baya.

Ranar Laraba tun hantsi Malami ya ɗora laftof a kan tebur yana kallonsa. Ya zaga shi, ya goge shi da hannun riga, ya fita, ya dawo. Zuwa azahar ya yanke wa kansa hukunci: a ƙa'idar ofis ba a sakin takarda sai babba ya duba. Ba taɓawa zai yi ba, dubawa ce. Ya buɗe fayil ɗin kamar yadda ya ga ta yi, ya kwafe dogon layin a farar takarda da shuɗin biro, harafi harafi, sannan ya gyara zaman tabarau ya zaro jan. Ƙarshen layin ga yadda yake:

rana=alhamis\&jeri=kebbe\&wuri=mashaya

Alamar nan mai kama da mutum ya harɗe ƙafa a zaune, wannan ya san ta, akwai ta a tafireta. Amma 'yar sandar da ke tsaye kafin kowace ɗaya, wadda ta jingina baya, ita ce ta sa ya dafe ƙirji. Shekara ashirin da takwas yana buga lambar wasiƙa, sanda gaba take jingina. A tafiretarsa ma babu madannin mai jingina baya, balle ya ce an taɓa yin ta.

“Yaran zamani,” ya ce yana girgiza kai da jin daɗi. “Har guda biyu.”

Ya zagaye su da ja, ya ja layi zuwa gefen takarda ya rubuta “a cire”, ya sa hannu da kwanan wata. Sannan ya juya ga laftof, da yatsa guda ya goge ta farko, ya goge ta biyu. Na'ura ta tambaye shi ko a ajiye canjin, ya ce ƙwarai kuwa.

Hinde ta shigo da kwanon fura ta tsaya.

“Malam, ba ta ce kada ka taɓa ba?”

“Ban taɓa ba. Gyara niy yi.”

“Mai ba da magani ma gyara kay yi mashi.”

“Hinde, ke da ba ki san bambancin waƙafi da aya ba.”

“Ban sani ba. Na dai san bambancin bari da taɓa.”

Bayan la'asar ya yi bisimilla ya danna koren madanni. Allon ya nuna an aika saƙo ɗari uku da goma sha huɗu. Malami ya kira Hinde ta gani, ta ce ta gani. Ya ninke takardar gyaran ya sa a aljihu, don in kwamiti ya tambayi irin wahalar da ya sha ga shaida. Ya kashe wayarsa, wai kada masu kiran godiya su cinye masa caji. Ya ɗauki babbar rigarsa ta shadda, ya hau bayan Ɗangiwa ɗan kabu-kabu, suka nufi Kebbe don ya kwana kusa da nasararsa.

Safiyar Alhamis, bazara ce, rana ta fito da fushinta. An kafa rumfa a bakin mashaya, an jera benci. Likitar dabbobi, Bara'atu, ta sauke kula biyu cike da kwalaben allura da ƙanƙara, ta sa su a inuwa, ta dubi Alhaji Sambo.

“Alhaji, in faɗa maku tun yanzu. Ƙanƙarar ga ba ta wuce azahar. In ta narke maganin ya lalace, kuma ba wani sai baɗi.”

“Likita, kwantar da hankalinki,” in ji Malami yana baza hannun riga. “Ki dai roƙi Allah shi sa allurar ta isa. Ni damuwata ina za mu sa shanun.”

Har ya sa aka matsar da benci baya don kada ƙura ta dami manya.

Ƙarfe takwas ta yi. Alhaji Sambo ya zaro wayarsa ya duba, ya sake dubawa.

“Malami, ni fa ina da shanu a Kebbe, kuma saƙo bai shigo mani ba.”

“Ranka shi daɗe, na'ura ta san girma. Ba ta aika ma shugaba umarni.”

Alhaji Sambo ya ɗan ji daɗin wannan, ya mayar da wayar aljihu.

Ƙarfe tara wani jaki ya zo ya sha ruwa, ya tsaya ya kalli rumfa, ya tafi. Malami ya ce shanu ba su da agogo. Tara da rabi wata tsohuwa ta zo da awaki biyu, ta tambaya ko suna aka yi. Malami ya ce mata ta ja gefe, garke na tafe. Ta duba gabas ta duba yamma, ta ce Allah shi kawo su lafiya.

Ƙarfe goma wani ardo ya zo wucewa a babur, ya ga ciyaman ya tsaya gaisuwa.

“Alhaji, lafiya? Mi aka yi nan?”

“Rigakafi. Ba ka samu saƙo ba?”

“Wane saƙo? Ni da yarana wayarmu fuɗu, ba wadda ta yi ƙara.”

Kowa ya juyo ya dubi Malami. Gumi ya riga ya jiƙa wuyan shaddar, amma bakin nan bai mutu ba.

“Abin da ba ku gane ba, saƙo daga Tambuwal yat taso. Kun san halin hanyar ga. Dole shi ɗan jinkirta.”

Malam Nu'umanu ya ce a hankali, “Shi ma kabu-kabu yah hau?”

Likita Bara'atu ta buɗe kula ta tsoma hannu, ta fito da shi yana ɗigar ruwa. Ta nuna wa ciyaman hannun.

Sai ga wayar Alhaji Sambo ta yi ƙara. Wani ardon Dogon Daji ta ƙasar Tambuwal ne, muryarsa na fita har waje, bayanta kuma kukan shanu kamar ranar kasuwa.

“Alhaji, tun hantsi muna nan. Ina likitar? Mutanen unguwa sun fara yi muna magana.”

“Kuna ina?”

“Inda kunka ce. Ƙofar gidan Malami Mai-tafireta.”

Malami ya ce wataƙila wani Malamin ne. Alhaji Sambo ya ce ya kunna wayarsa. Yana kunnawa ta hau kaɗawa a hannunsa, sunan Hinde ya fito. Wayar irin mai ƙarar nan ce, ko ba a sa ta a lasifika ba kowa yana ji.

“Malam, ka tashi lafiya?”

“Lafiya lau. Hinde, ina cikin taro.”

“Ni ma ina cikin taro. Akwai wani bijimi cikin zaure, in kana da sauran gyara ka zo ka yi mashi.”

Ba a ɓata lokaci ba. Likita ta ce shanun Kebbe ba za su taru kafin azahar ba, amma ga na Tambuwal a tare, gara a kai musu maganin a yi musanyar mako. Aka tsayar da babura huɗu. Malami ya ce shi zai riƙe kula ɗaya, domin abu mai muhimmanci ba a ba kowa. Ya haye bayan Ɗangiwa ya rungume kula, babbar riga ta baje ta rufe fitilar baya.

“Baba Malami, tattara rigar ga.”

“Tuƙa kai dai. Ni na hau babur kafin a haife ka.”

Ba su yi nisa ba reshen ƙaya ya ɗauke masa hula. Ya ce a tsaya, Alhaji Sambo daga babur ɗin baya ya ce a ci gaba. Suna gangara wani busasshen rafi gefen rigar ya shige cikin sarƙa, babur ya yi tari ya tsaya cak, Ɗangiwa ya yi dama, Malami ya yi hagu, ya zauna daɓas cikin yashi da kula a kan ciki, ƙafa biyu a sama. Likita ta diro da gudu, ta buɗe kula ta duba kwalabe, ta ce alhamdu lillahi ba abin da ya same su. Sai da ta rufe sannan ta tambaye shi ko ya ji ciwo.

Rigar ta ƙi fita daga sarƙa sai da Ɗangiwa ya sa reza. Aka ba Malam Nu'umanu kular. Malami ya ƙarasa tafiyar ba hula, da riga mai hannu ɗaya, yana gaya wa ƙeyar Ɗangiwa cewa da ba don ya san dabarar faɗuwa ba da maganin ya tafi.

Tun daga bakin unguwa suka san sun iso. Lungun gidan Malami ya cika maƙil, ƙaho na gogar ƙaho, daga ƙofarsa har kwanar masallaci. Farare, jajaye, masu tozo, 'yan maruƙa. Zanan da ya kewaye bayan gidan an cinye shi saura sanduna. Zogalen Hinde ya zama tarihi. Bencin da yake zama kullum ya rabu biyu, wata saniya tana sosa wuya a jikin dogonyaro. Matan maƙwabta sun leƙo ta kan katanga, makiyaya sun jingina da sandunansu suna jira cikin haƙuri, don su dai an ce su zo sun zo.

Mai shayi yana tsaye a kan teburinsa, rungume da butar shayi da gwangwanin madara. Yana hango Malami ya washe baki.

“Sannu da zuwa, Malam. Ka duba mani allona, ko akwai sauran kuskure? Ga shi can ƙarƙashin jar saniya.”

Likita Bara'atu ba ta tsaya sauraron kowa ba. Ta sa aka ja igiya daga dogonyaro zuwa sandar lantarki, makiyaya suka fara shigo da shanu ɗaya bayan ɗaya, ita da mataimakanta suna tsira allura. Malam Nu'umanu ya sami dutse ya zauna yana rubuta sunaye. Saura ƙanƙara kaɗan a kula, amma akwai.

Da Malami ya ga aiki na tafiya, shanu na wucewa a layi, sai ya ji ƙarfinsa na dawowa. Ya hau kan rabin bencinsa, ya ɗaga hannun da ke da riga.

“Jama'a, kun gani ko? Nic ce zan tara shanu da yatsa guda. Ga su. A ƙirga.”

“A Kebbe kac ce,” in ji Alhaji Sambo.

“Ranka shi daɗe, shanu shanu ne.”

A daidai nan Ni'imatu ta fito daga zaure da laftof a hannu. Tun da safe Hinde ta kira ta, ta shigo motar farko daga Sakkwato, kuma ta riga ta buɗe fayil ta ga abin da ta gani. Ta raɓa ta bayan wata saniya ta zo kusa da shi, ta yi ƙasa da murya.

“Baffa, mu shiga ciki in nuna maka wani abu.”

“Faɗi nan. Ba mu da ɓoyo.”

“Don Allah, Baffa. Ciki ya fi.”

Yarinyar nan rufa masa asiri take son yi, kowa da ke da ido ya gani. Da ya bi ta, da an ce na'ura ce ta yi gardama, magana ta wuce. Amma Alhaji Sambo ya tambaya, “Wai laifin wa ne?” Malami kuwa ba a taɓa yin tambaya a gabansa ya bar wani ya amsa ba.

“Ranka shi daɗe, ba na son in kunyata ɗiyata, ta yi ƙoƙari. Amma aikin yara sai da dubawa. Kuskure biyu niy samu cikin adireshin, manya-manya. Da ban gyara su ba, Allah kaɗai ya san inda shanun ga za su kwana.”

Ya zaro takardar daga aljihu, ya warware ta, ya ɗaga sama yana juya ta dama da hagu don na baya su gani: da'ira biyu ja, “a cire”, sa hannu, kwanan wata. Ni'imatu ta rufe ido. Alhaji Sambo ya karɓi takardar, ya juya ta, ya miƙa mata.

“Ɗiyata, yi muna bayani yadda za mu gane.”

Ta dubi Baffanta, ta dubi ƙasa, sannan ta fara.

“Alhaji, alamar ga mai harɗe ƙafa, cikin adireshi ita ka haɗa bayani da bayani: ga rana, ga jeri, ga wuri. To amma shirin da ka karanta fayil ɗin saiti, shi in ya gan ta ita kaɗai, ɗauka yake an ce mashi tsaya nan. Shi ya sa aka sa mata sanda kafin ta. Sandar ita ka ce mashi, wagga cikin adireshi take, wuce da ita.”

“Da anka cire sandar fa?”

“Ya karanta rana, ya iske alamar, ya tsaya. Bai ga jeri ba, bai ga wuri ba. Sai ya ɗauki jerin farko, na Tambuwal, ya haɗa da wurin da anka fara ba shi ran gwaji.”

“Wa ya ba da wurin?”

Daga cikin zaure muryar Hinde ta fito sarai.

“Shi yac ce wa bai san ƙofar gidanshi ba. To yanzu har shanu sun san ta.”

Dariyar da aka yi sai da ta razana 'yan maruƙa. Mai shayi ya kusa faɗowa daga tebur. Ardon Dogon Daji, dattijo mai farin gemu, bai yi dariya ba, ya dai dubi Malami da tausayi ya ɗaga sandarsa.

“Malam, mu ba mu yi boko ba. Amma in ka ga an ba abu sanda, akwai dalili.”

Malami ya buɗe baki. Ya so ya ce a tafireta babu irin wannan sandar, ya so ya ce shekara ashirin da takwas. Kafin ya haɗa maganar wani maraƙi ya miƙo wuya ya zare takardar daga hannun Ni'imatu, ya tauna ta a nitse da sa hannun da kwanan watan duka.

An yi wa saniya ta ƙarshe allura ana kiran azahar, kula ta koma ruwa zalla. Alhaji Sambo ya wanke hannu, ya laluba aljihu, ya zaro mabuɗi guda ɗaure da koren zare, ya miƙa wa Malam Nu'umanu a gaban kowa. Malami yana tsaye a kan rabin benci, ba hula, yana kallon mabuɗin har ya shige aljihun wani. Ya ji abin har ƙasan zuciyarsa, don ba girman yake so ba kamar ƙofar da zai riƙa buɗewa da safe. Ya sauko a hankali ya shiga gida, ba wanda ya tsokane shi a wannan karon.

Juma'a da safe ya yi wanka, ya sa riga mai guga, ya kai hannu kan tebur, babu jan biro. Ya fito tsakar gida ya hango shi soke a ɗaurin ɗankwalin Hinde. Ya dube ta, ta dube shi, ta miƙa masa shebur ta nuna masa ƙofar gida. Har aka tafi masallaci yana kwasar kashin shanu.

Asabar yana zaune a kan bulo, inda benci yake a da, sai ga Malam Nu'umanu da jaka.

“Malam Malami, wata alfarma nika nema. Ni'imatu ta mayar da sandunanta, ta sa ma fayil lambar sirri, saƙo za shi tafi Kebbe. Amma bayan abin da ya faru, ardo-ardo sun ce sai sun ga takarda da hatimi. Ashirin da uku ne, rubutuna kuma ka san shi. Ko tafiretar ga tana nan? In ka yarda a kai ta ofis. Akwai tebur.”

Malami ya gyara zama, ya dubi sama kamar mai duba ko yana da lokaci.

“Zan duba. Ayyuka sun yi mani yawa.”

Ranar Litinin ƙarfe bakwai da rabi yana bakin ofishin ƙungiya, rigarsa da karin guga, tafireta a gefensa cikin tsohon akwatinta. Ƙofa a kulle, mabuɗi na aljihun Malam Nu'umanu, wanda ba ya zuwa sai takwas. Duk wanda ya wuce ya gaishe shi sai Malami ya ce ya zo da wuri ne don ya duba ingancin kwaɗon.

Da aka buɗe ya shiga, ya ɗora tafireta a tebur, ya zura farar takarda, ya murza ta, ya motsa yatsu. Ƙarar nan da ya yi shekara uku bai ji a ofis ba ta cika ɗakin. Ya buga sunan ƙungiya, ya buga kwanan wata, ya zo kan lambar wasiƙa, inda ake sa sanda tsakanin harufa da lamba. Yatsansa ya tsaya a sama.

Ya saci kallon Malam Nu'umanu, ya ga ya duƙufa a kan rajista. Ya zaro waya, ya juya baya, ya kare baki da hannu.

“Ni'ima, kina ji na? Wagga da ta jingina gaba fa, a bar ta?”

“A bar ta, Baffa.”

“To. Dama ni ma haka nig gani.”

Malam Nu'umanu ya juya shafi, ya yi kamar bai ji ba.